Dan Allah ya ake gane bugun farko? Na tsinci su Chase da Agatha Christie a adakar Baba

Bazazzage_TudunWada:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Dan Allah masana littattafai ku ɗan haska min.

Mahaifinmu Allah ya yi masa rasuwa wata bakwai kenan, to satin da ya wuce Hajiya ta ce a buɗe ɗakinsa na zaure a share tunda damina ta kawo jiki kuma rufin yana yoyo ta gefe ɗaya. A ƙarƙashin gado muka jawo wata adakar ƙarfe irin ta da ɗin nan mai zanen furanni, maƙil da littattafai, na ƙirga 64. Yawanci na turanci ne, labaran 'yan fashi da kisan kai da masu binciken laifi, James Hadley Chase kaɗai sun kai 30, Agatha Christie guda 9, sai ƙananan nan na Pacesetters, jerin labaran marubutan Afirka, sai na Hausa kaɗan a can ƙasa. Baba ya daɗe yana aiki a Samaru nan Zariya kuma ya sha ba mu labari wani Bature da suka yi aiki tare ne ya bar masa kwali guda na littattafai da zai koma ƙasarsu, sauran kuma shi ya riƙa saye da kuɗinsa a Sabon Gari.

Matsalar ita ce ƙanina da ke karatu a Kongo ya gani a intanet wai turawa na sayen bugun farko na irin waɗannan da maƙudan kuɗi, ya zaro ɗaya mai suna No Orchids for Miss Blandish ya nuna min inda aka rubuta First published 1939, tun ranar yaron nan bai ƙara barci mai kyau ba har ya fara tambayar kuɗin fili a Hanwa. Ni kuma littafin bai yi min kama da abin da ya shekara tamanin da wani abu ba, bangonsa mai taushi ne da hoton wata baturiya mai kala.

Akwai kuma ɗaya na Agatha Christie, Endless Night, shi mai kwali ne har da rigar takarda a jikinsa, a ciki 1967 kawai na gani ba wata shekara. Sannan wani mai sayar da tsofaffin littattafai ya zo ya taya duka adakar dubu 20. In sayar ko in dakata? Ya ake ganewa?

Dan_Kwangila:

Wa alaikumussalam, Allah ya jikan Baba yasa ya huta. Hhhh kace ma kanin naka ya sauke lissafin filin nan tukuna, wlh Chase dinnan babu gidan dan boko a Zariya da bai taba kwana ba, mu a makarantar kwana cikin littafin lissafi muke boye shi muna karantawa lokacin firef, guda daya sai ya zaga aji kaf har bangon ya fita a dinke shi da zare. Abinda ya cika gari haka inaga ba zai yi wata tsada ba. Amma jira masana su zo, ni nawa karatu ne kawai

Malam_Laburare:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya gafarta wa Malam, ya ba ku haƙurin rashi.

Ɗana, na yi shekaru ina aikin jera littattafai da rubuta musu kati kafin in yi ritaya, to bari in faɗa maka abin da na sani, ka yi haƙuri in na yi tsawo.

Abin da ya ruɗi ƙaninka shi ne yake ruɗar kowa. Wannan layin na First published 1939 ba shekarar kwafin da ke hannunka yake faɗa ba, asalin littafin yake ba ka, kamar a ce maka kakan wane an haife shi shekara kaza. Ko gobe aka sake buga shi sai sun sa wannan layin. Ka sake buɗe shafin, wato bayan shafin da ke ɗauke da sunan littafi, ka karanta har ƙasa kada ka tsaya a layin farko. Za ka ga an ci gaba da cewa kamfani kaza ya fitar da nasa a shekara kaza, sai reprinted shekara kaza, sai wata reprinted ɗin. Shekarar da ta zo ƙarshe a jerin, ita ce shekarar naka. Ainihin na 1939 kamfanin Jarrolds ne na Landan ya buga shi, mai kwali, kuma daga baya ma marubucin ya koma ya yi wa labarin gyara sosai, saboda haka wanda muka karanta a nan ba lallai kalma da kalma ne da na farkon ba. Af, sunansa na yanka ma ba Chase ba ne, René Raymond yake, mutumin Ingila, ya rasu 1985.

In shafin ya yage akwai hanyoyi biyu masu sauƙi da ko yaro zai iya. Juya bayan littafin ka duba farashi. Ingila ta bar lissafin sule da sisi ranar 15 ga Fabrairun 1971, kamar yadda mu ma muka bar fam da sule muka koma naira da kwabo a Janairun 1973. In ka ga 2/6 ko 3/6, wato sule biyu da sisi ko sule uku da sisi, to kafin 1971 ne. In ka ga 35p ko 60p ko 95p, magana ta ƙare, bayan nan aka buga shi. Sai kuma doguwar lambar nan ta ISBN, sai wajen 1970 ta fara aiki a duniya, a Ingila sun ɗan riga da 'yan shekaru da wata mai lamba tara. Na kamfanin Corgi, waɗanda su ne suka cika mana kasuwa da Chase, da 0 552 take farawa. Mai lamba 13 kuwa daga 2007 ne, jiya-jiya kenan. Littafin da ke ɗauke da ISBN ba zai taɓa zama na 1939 ba ko da kuwa takardarsa ta yi ja kamar an jiƙa ta da ruwan goro, zafin Zariya da ƙura kaɗai sun isa su tsofar da takarda cikin shekara goma.

Yadda tsarin yake a can a wancan zamani, mai kwali ake fara fitarwa, ɗakunan karatu da masu hali su saya, bayan shekara ɗaya ko biyu sai wani kamfani ya fitar da mai taushin bango mai araha. Chase yawancin nasa Robert Hale ne ke fara bugawa sannan Panther ko Corgi su biyo baya. Agatha Christie kuma Collins, sannan Fontana ko Pan ko Penguin masu koren bango. Mu nan na arahar ne suka fi zuwa mana. Shi ya sa nake cewa mai taushin bango ba bugun farko ba ne.

To Endless Night ɗin nan shi ne ya sa na gyara zama. A 1967 ya fito, a ƙarƙashin Collins Crime Club, wani reshe ne da Collins suka buɗe tun 1930 don labaran laifi kawai, tambarinsu wani mutum ne da ya rufe fuska yana riƙe da bindiga. Su Collins ba su cika rubuta First Edition a jiki ba, shirun shi ne alama, wato ka ga shekarar haƙƙin mallaka 1967 kuma ba a ambaci wani sake bugu ba. Ka duba min abu uku. A gadon bayan littafin da shafin suna, Collins ko Crime Club aka rubuta, ko kuwa sunan wata ƙungiyar masu karatu irin Book Club? Sannan ka buɗe rigar, ɓangaren da aka naɗe ciki ta gaba, can ƙasa ya kamata ka ga farashi, sule 18 aka sayar da shi. In an yanke kusurwar da almakashi, wani ya ba da shi kyauta ne ba ya son a ga kuɗin, hakan na rage daraja amma bai kashe shi ba. In kuma kusurwar na nan lafiya amma babu farashi kwata-kwata, to ko na ƙungiyar masu karatu ne ko wanda aka yi don fitarwa ƙasashen waje irin namu. Na uku, hatimin ɗakin karatu. In akwai, masu tarawa suna ja da baya.

Amma kada ka sa rai da yawa. Zuwa 1967 matar nan ta gama shahara, kwafi masu ɗimbin yawa ake buga mata tashin farko, don haka ko ya tabbata bugun farko ne ba kuɗin fili ba ne. Masu tsadar su ne na shekarun 1920 da 1930 waɗanda rigarsu ta tsira, domin a lokacin mutane cire rigar suke su yar, yau kuma ita ce ke ɗauke da mafi yawan kuɗin. Kai har rigimar wace ƙasa ta fara bugawa akwai, littafinta na farko The Mysterious Affair at Styles a Amurka ya fara fitowa a 1920, sai farkon 1921 ya fito a Ingila, alhali ita 'yar Ingila ce.

Na bayan nan kuwa, in ka ga jerin lambobi a ƙasan shafin kamar 10 9 8 7 6 5 4 3 2 1, ko a warwatse 1 3 5 7 9 10 8 6 4 2, mafi ƙanƙantar lambar da ta rage ita ce ke gaya maka bugu na nawa ne. Duk sanda za a sake bugawa sai a kankare guda ɗaya, ya fi musu sauƙi da a sake tsara shafin. Amma a littafin Ingila na 1967 ba za ka ga wannan ba, kada ka wahalar da kanka nema.

Maman_Ilham:

Allah ya jiƙan Baba. Baba Malam Allah ya ƙara lafiya, mun ƙaru wallahi, amma da neman afuwa akwai wuri ɗaya da ban yarda ba, inda ka ce mai taushin bango ba ya zama bugun farko. Ai Pacesetters ɗin da ya ambata tun asali da taushin bango Macmillan suka fito da su, ba su taɓa bi ta kwali ba, tun 1977 da aka fara da su The Smugglers na Kalu Okpi da The Undesirable Element na Mohammed Sule mutumin Kano. To wanda ka buɗe ka ga First published 1977 babu jerin reprinted a ƙasa, shi ne bugun farkon, babu wani a gabansa. Kuma samun mai lafiya a cikinsu ya fi wuya nesa ba kusa ba tunda aro muka riƙa yi har suka mutu a hannu.

Ni kuma abin da ya ba ni mamaki, duk kun bi na turawa kun bar waɗanda ya ce na Hausa kaɗan a can ƙasa. Haba jama'a, a Zariya fa muke. Chase dubbai ne a Landan, wane Bature ne zai biya kuɗin jirgi a kawo masa abin da ke kantin gwanjon unguwarsu? Amma tsohon bugun littafin Hausa in ya ƙare a nan ya ƙare a duniya, mai ƙosai da mai tsire sun naɗe rabi, gara ta ci rabi. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, duk 1982 suka fito, ɗaya ta'addanci da miyagun ƙwayoyi ɗaya fasa-ƙwauri, in waɗannan ba labaran laifi ba ne to mene ne? Na yi shekara biyu ina neman Ƙarshen Alewa Ƙasa saboda wani rubutu da nake yi, ƙarshe hoto aka yi min na wani kwafi da shafi shida suka ɓace.

Kuma namu ma ana iya gane shekarunsu ta sunan wanda ya buga. Kamfanin Gaskiya 1945 aka kafa shi, NORLA, hukumar adabin Arewa, a shekarun 1950 kawai ta yi rayuwarta ta rufe, NNPC ta ɗab'i ba ta mai ba kuma sai 1966. To in ka ga Jiki Magayi ko Ruwan Bagaja da tambarin NNPC ka san ba bugun farko ba ne tunda su tun shekarun 1930 suke, amma in ka ga farashin da sule ko sisi a bango ka riƙe shi da hannu biyu. Inda abin ke da ciwon kai shi ne littattafan kasuwar Kano na daga tsakiyar shekarun 1980, da yawa ko shekara babu a jiki, a sake bugawa sau biyar ba a canza ko wasali ba, ga kuma na 'yan satar fasaha da za ka ga rubutun ya yi dishi-dishi hoton bango kamar an wanke shi.

Dan Allah ɗan'uwa ka rubuto mana sunayen na Hausar kafin mai dubu 20 ya dawo.

Malam_Laburare:

Gaskiyarki 'yata, na yi kuɗin goro. Chase da Christie nake nufi. Pacesetters kam yadda kika faɗa haka ne.

Abba_Samaru:

Allah ya rahamshe shi. Ni bari in ba ka labarin yadda na ci duka don kada ka bi sahuna. Shekara uku da suka wuce na tsinci wani mai kwali a wajen masu baza littattafai a bakin titi, rigarsa fes, shekara ɗaya tak a ciki, babu reprinted babu komai, na biya ko ciniki ban yi ba ina ta sauri kada mutumin ya farga. Na ɗauki hotuna na tura wa wani dillalin littattafai a Ingila, washegari ya ba ni amsa layi biyu, wai in duba ƙasan gadon bayan, na duba sai ga haruffa uku BCA, ashe na ƙungiyar masu karatu ne da a da ake aika wa mambobi ta gidan waya da rahusa, shi ya sa babu farashi a rigar ni kuma ban ma lura ba. Ya ƙara da cewa salatif ɗin da na liƙa a inda rigar ta ɗan tsage ya fi tsagewar muni. Ni da na zaci gyara na yi.

Saboda haka kada ka liƙa komai, kada ka sa gam, kada ka goge da jiƙaƙƙen tsumma, kada ka goge sunan Baba ko na Baturen in sun rubuta. Kada kuma ka ƙulle su a leda, da damina gumi suke yi a ciki su yi fumfuna. Ka fitar da su daga ɗakin mai yoyo yau ɗin nan, ka ɗora a kan kanta nesa da bango da ƙasa saboda gara, ka kaɗe ƙurar da busasshen burushi mai laushi.

Tun daga lokacin na shiga karance-karance a kan abin, mutanen nan fa sun yi nisa, wani lokaci kuskuren harafi ɗaya suke bi. The Hound of the Baskervilles na 1902 ana gane na farkon ne da you da aka buga a maimakon your a shafi na 13. Casino Royale na 1953 kwafi 4,728 kacal aka buga tashin farko shi ya sa yake tsada haka, ba don ya fi sauran daɗi ba. Wato ƙarancin abu da lafiyarsa ake saye, ba tsufa kawai ba.

Sannan ka gaya wa ƙaninka farashin da yake gani a intanet na masu tallatawa ne, kowa na iya rubuta abin da ya ga dama ya zauna shekara biyar ba mai tayawa, ya nemi nawa aka sayar ba nawa aka sa ba. Ka cire kuɗin aikawa daga nan zuwa can kuma ka ga abin da zai rage.

Abu_Hanifa_Kofar_Doka:

Allah ya jiƙansa da rahama. Tunatarwa ce kawai ɗan'uwa, littattafan nan suna cikin gado, ko dubu 20 ne ko dubu 2 haƙƙin magada ne gaba ɗaya har da Hajiya da 'yan'uwanku mata. Kafin ka sayar ko ka kyautar ko da guda ɗaya a zauna a yi shawara, in kai kake son riƙewa a yi musu kuɗi a cire a kasonka.

Bazazzage_TudunWada:

Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri, amin ga addu'o'inku. Malam Abu Hanifa wallahi hankalina bai kai nan ba, na yi wa Yaya Babba magana ya ce a bari sai Juma'a in kowa ya zo.

Baba Malam na bi abin da ka ce ɗaya bayan ɗaya bayan sallar isha'i da fitilar waya. No Orchids ɗin Corgi ne, ga 0 552 ɗin nan ɓaro-ɓaro a baya kuma farashin da p yake, ƙanina ya karɓa ya duba da kansa ya ajiye ya fita ko sai da safe bai ce min ba. Sauran Chase ɗin duk haka suke in ban da guda biyu na Panther masu 3/6. Endless Night kuma Crime Club ne, ga mai bindigar nan, babu reprinted, babu hatimi, sai dai an yanke kusurwar farashin kuma Baturen ya rubuta sunansa da biro da Samaru 1968 a shafin farko, sannan akwai tabon ruwa kamar girman tafin hannu a bayan rigar.

Maman Ilham na Hausar guda bakwai ne. Akwai Magana Jari Ce na biyu da na uku duk NNPC, akwai Jiki Magayi ƙarami da babu bango don haka ban san wa ya buga ba, akwai Turmin Danya, kuma ƙwarai akwai Ƙarshen Alewa Ƙasa, 1982 kawai aka rubuta a ciki. Gara ta ɗan lasa gefen ƙasa daga wajen shafi na 40 zuwa 60 amma ba ta kai ga rubutu ba, na ƙirga shafukan kuma ban ga wanda ya ɓace ba.

Maman_Ilham:

Allahu Akbar! Dan girman Allah kada ka bari kowa ya are shi, ko ni ce. In kun gama shawarar ranar Juma'a ka sanar da ni, maigidana zai zo ya same ka da waya ya ɗauki hoton shafi shidan nan a gabanka ba sai littafin ya fita daga gida ba. In kuma magada sun ce sayarwa za a yi to a fara gaya min.

Dan_Kwangila:

To ni dai tunda Chase din sun fadi jarabawa a sa min guda biyar a gefe, wadanda bangonsu bai fita ba, nawa nawa ne?